An gano ƙwayar gadon jure sanyi tun 1997, to me ya hana a samar da kanolar da ƙanƙara ba ta kashewa?

Sadiya_Tsirrai:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya gare ni zuwa ga masana ilimin gado na wannan zaure. Ina cikin karatu kan yadda tsirrai ke jure sanyi, sai na tarar cewa tun 1997 ɗakin binciken Michael Thomashow a Jami'ar Jihar Michigan ta Amurka ya gano ƙwayar gadon da ake kira CBF1. A 2001 kuma suka ba da rahoton cewa sun saka ire-irenta cikin kanola, tsiron ya ƙara jure daskarewa. Yau sama da shekara 20 ke nan, amma har yanzu manomin kanola a Kanada da Ostareliya yana kwana da fargabar dare ɗaya na ƙanƙarar raɓa. Ni a ganina cikin biyu dole a samu ɗaya: ko kamfanonin iri ba su hango riba ba, ko dokokin tsirran da aka sauya wa halitta ne suka tare hanya. In ba haka ba, me ya rage?

Malam_Tanimu:
Wa alaikumus salam Malama Sadiya. Kafin mu ɗora wa kowa laifi, wane sanyin kike nufi? Domin uku ne, kuma kowanne da tasa ɓarnar. Akwai wanda ke faɗa wa ƙaramin tsiro a watan Mayu a Kanada, yana da ganye biyu kacal. Akwai dogon hunturun da kanolar Turai ke kwana a cikinsa wata da watanni. Sai kuma wanda ke zuwa lokacin fure da cikar ƙwaya, wanda shi ne ciwon kan Ostareliya wajajen Agusta da Satumba, kuma shi ke lalata ingancin ƙwaya a Kanada gab da girbi. Ganye daban, fure daban, ƙwayar da ke cikin kwanso daban. Abin da ya kare wannan ba lallai ya kare wancan ba.

Abu_Hafsat:
Don Allah ku yi mana uzuri mu 'yan koyo. Kanola ɗin ma mene ne?

UmmuKhalil:
Abu_Hafsat, tsiro ne mai furanni rawaya da ake matse mai daga ƙwayarsa, dangin kabeji ne. Asalinsa tsohon tsiro ne da aka daɗe ana nomawa a Turai da Asiya, amma mansa na da sinadarin erusik da yawa, tunkuzarsa kuma na da wani sinadari mai ɗaci da ke cutar da dabbobi. Masana biyu a Kanada, Baldur Stefansson na Jami'ar Manitoba da Keith Downey na Saskatoon, su suka yi ta haɗa iri har aka rage duka biyun. Irin farko da ya cika sharuɗɗan shi ne Tower, a 1974. Sharaɗin mai shi ne erusik kada ya kai kashi 2 cikin 100.

Abu_Hafsat:
Na gode Umma, Allah ya ƙara sani. Ina biye.

Dakta_Bashir:
Malama Sadiya, bari in fara da maganar doka, don ita ce mai sauƙin warwarewa. A Kanada tun tsakiyar shekarun 1990 ake noma kanolar da aka sauya wa halitta don jure maganin ciyawa, kuma yau ita ce mafi rinjaye nesa ba kusa ba. A Ostareliya ma jihohin New South Wales da Victoria sun buɗe ƙofa a 2008, Yammacin Ostareliya ta biyo baya a 2010. A Turai ne maganarki ke da ƙarfi. Saboda haka da a ce akwai ƙwayar gado ɗaya da za a saka a huta, da Kanada ta daɗe da yi. Ba a nan gizo ke saƙa ba.

Matsalar tana cikin yadda CBF ke aiki. Shi ba ya kare tsiro da kansa. Makunni ne, kamar na fitilun gida, wanda in ka danna shi ɗakuna da yawa su haskaka lokaci guda. Idan zafi ya sauka zuwa wajen digiri 4, cikin kamar minti 15 tsiro ya fara kunna CBF. Furotin ɗin da ya fito sai ya je ya manne a wani ɗan gajeren jeri na DNA, CCGAC, wanda ke gaban ƙwayoyin gadon da ake kira COR, su kuma su tashi bayan wasu sa'o'i. Su ne ma'aikatan. Wasu su sa a tara sukari da sinadarin furolin a cikin sel, wato ƙananan ɗakunan da suka haɗu suka yi jikin tsiro, wasu su samar da furotin mai riƙe tantanin sel kada ya yage. A kanola an daɗe da sanin biyu daga cikinsu, BN115 da BN28.

To da masu bincike suka bar makunnin a kunne dare da rana, sai aka samu tsiro mai jure sanyi amma wada, mai jinkirin fure. An gano daga baya cewa CBF na rage sinadarin girma na jibaralin, tsiro ya tsuke kansa. Manomi kuwa ƙwaya yake sayarwa. A filayen yammacin Kanada inda kwanakin da babu ƙanƙara ba su da yawa, irin da ya makara wajen fure zai kuɓuta daga sanyin Mayu ne ya faɗa hannun na Satumba.

Sadiya_Tsirrai:
Na gode Dakta. Amma ai akwai dabarar haɗa shi da makunnin da ba ya tashi sai sanyi ya zo. Na ga masanan Japan, Shinozaki da Yamaguchi-Shinozaki, sun yi hakan a Arabidopsis, ɗan ƙaramin tsiron da masana ke gwaji da shi, dangin kanola, wadancin ya ragu sosai.

Dakta_Bashir:
Haka ne, sun yi, da makunnin rd29A. Sai dai ki lura da abu ɗaya: kanola ai tana da nata CBF ɗin, kuma sanyi na kunna shi da kansa. Idan naki ma sai sanyi ya zo zai tashi, to kin ƙara ƙarfi ne ga tsiron da ya samu gargaɗi. Wanda ke mutuwa a gona galibi shi ne wanda bai samu gargaɗin ba.

Ɗan_Gona77:
Wannan magana ta Dakta da idona na gan ta. Na yi aikin gona a Saskatchewan. Wata shekara aka yi kwanakin ɗumi a jere a watan Mayu, tsiro ya fito da sauri, lumus-lumus, cike da ruwa. Dare ɗaya sama ta washe, iska ta tsaya cak, da asuba ma'auni ya nuna ƙasa da sifili da 'yan digiri. Da rana ta ɗaga sai ka ga ganyen farkon nan biyu sun yi duhu kamar an jiƙa su da mai, kafin la'asar sun yi baƙi sun langaɓe. Ni hankalina ya tashi, na ɗauka sai sabon shuka. Mai gonar ya durƙusa, ya buɗe tsakanin ganyen da yatsa, ya nuna min ɗan tohon da ke tsakiya, ya ce muddin wannan yana kore kuma karan bai tsuke ba, tsiron na da rai, a ba shi kwanaki. Da muka dawo, galibin filin ya fitar da sabon ganye. Inda aka yi asara sosai shi ne kwari, inda iska mai sanyi ke taruwa, da wuraren da karan alkamar bara ya yi kauri a ƙasa, don yana hana ɗumin ƙasa tasowa da dare.

Abin da ya tsaya min a rai: iri ɗaya ne, gona ɗaya, amma a wata shekarar da aka yi sanyi-sanyi tun fitowarsa ya jure daren da ya fi wannan tsanani. To ina gado a nan?

Binta_Kimiyya:
Yaya Ɗan_Gona, gadon na nan, shi ne ma ya yi aikin. Abin da tsiro ya gada shi ne iya sabawa da sanyi, ba wata tsayayyar juriya ba. Hatsin rai, wanda ake shukawa a ƙasashen sanyi, shi ne misalin da ake yawan kawowa: in bai saba ba digiri 5 ƙasa da sifili na kashe shi, in ya saba yana kaiwa wajen 30. Tsiro ɗaya, gado ɗaya.

Kuma akwai wani ɓangaren da ba a cika magana a kansa ba, wato saurin warwarewar sabon. Sabawa na ɗaukar kwanaki zuwa makonni, amma 'yan kwanakin ɗumi sun isa su rushe ta. Ni da zan zaɓi abin da za a zuba kuɗin bincike a kai, wannan zan zaɓa: irin da ba ya saurin sakin jiki in rana ta ɗan yi ɗumi.

Abu_Hafsat:
Tambaya kuma. Shin ƙanƙarar fasa tsiron take yi, kamar yadda ruwa ke kumbura in ya daskare?

Binta_Kimiyya:
Yawanci a'a. Ƙanƙarar na fara haɗuwa ne a wajen sel, a 'yan ratar da ke tsakaninsu. Da ta haɗu sai ta riƙa zuƙo ruwa daga cikin sel, sel ya motse. Ƙishirwa ce ke kashe shi a zahiri. Tantaninsa ya nannaɗe, ya manne da na kusa, in ƙanƙara ta narke ruwa ya dawo sai ya ɓarke. Duhun da Ɗan_Gona ya gani a ganye ruwan sel ne da ya tsiyaye. Shi ya sa ƙwayoyin gado da yawa na jure sanyi su ne dai na jure fari, masanan Japan ma ta hanyar binciken fari suka iso ga wannan dangi, suka sa masa suna DREB.

A ɗakin gwaji da wannan tsiyayar muke auna juriya. Mu yanko ƙananan faifai na ganye, mu sa a kwalaben gwaji, mu jefa ɗan gutsuren ƙanƙara don daskarewa ta fara, sannan mu riƙa sauke zafin a hankali, muna cire kwalabe a kowane mataki. Bayan sun narke mu zuba ruwa mu auna yawan gishirin da ya fita da na'urar lantarki. Matakin da rabi ya tsiyaye shi muke rubutawa. Aiki ne mai cin rai, kuma sakamakonsa ba kullum yake dacewa da abin da ke faruwa a gona ba.

Malam_Tanimu:
Wannan jimlar taki ta ƙarshe, Binta, ita ce rabin amsar Sadiya. Mai haɗa iri sai ya iya auna abu kafin ya zaɓe shi. Cuta kana iya fesa wa tsirrai ita ka ga wanda ya tsira. Ƙanƙara fa? Wata shekarar ba ta zo ba, duk layukan gwajinka, wato nau'o'in irin da kake gwadawa, su rayu. Wata shekarar ta zo da ƙarfi, duk su mutu. Ko ta zo daidai, amma gefen fili ya fi tsakiya sanyi da digiri ɗaya ko biyu, bambancin da ya isa ya rufe na gado.

Injiniya_Kabir:
Ni ba fannina ba ne, amma na taɓa karanta cewa ƙwayoyin cuta ne ke haddasa ƙanƙarar a kan ganye. Gaskiya ne?

UmmuKhalil:
Da gaskiya a ciki. Tsabtataccen ruwa na iya sauka ƙasa da sifili bai daskare ba in babu abin da ƙanƙara za ta fara ginuwa a kai. Bakteriyar Pseudomonas syringae na da wani furotin a bayanta da ke sa ruwa daskarewa tun a wajen digiri 2 ƙasa da sifili. Steven Lindow ya yi suna a wannan bincike, kuma a 1987 an gwada fesa nau'in da aka cire wa wannan furotin a gonaki a Kalifoniya. Amma wannan kauce wa daskarewa ne. Sadiya kuma kan jure ta take tambaya.

Dakta_Bashir:
Mu koma kan kanolar kanta, don akwai abin da ya sa ta fi Arabidopsis wuya. Kanola haɗin tsirrai biyu ce. Brassica rapa mai kuromosom (ƙunshin ƙwayoyin gado) 20 ta haɗu da Brassica oleracea, wato kabeji, mai 18, aka samu Brassica napus mai 38. Masanin nan ɗan Koriya da ya yi aiki a Japan, Woo Jang-choon, shi ya fayyace wannan dangantaka a 1935. Da aka karanta jerin gadonta a 2014 an ƙiyasta haɗuwar ta faru kimanin shekara 7,500 da suka wuce, kuma an ƙirga ƙwayoyin gado wajen 100,000. Iyayen biyu ma kowanne ya riga ya ninka gadonsa sau uku tun can da. Sakamakon haka, abin da Arabidopsis ke da guda ɗaya, kanola na iya samun har shida. Ka taɓa ɗaya, sauran su rufe gurbin. Wasu kwafin a ganye suke aiki, wasu a saiwa, wasu sun yi shiru.

Nazarce-nazarcen da aka yi na taswirar gado, tun daga na Wisconsin a shekarun 1990 zuwa na baya-bayan nan a North Dakota da ke duba ɗaruruwan layuka, hoto ɗaya suke bayarwa: wurare da yawa a kan kuromosom daban-daban, kowanne da ɗan tasirinsa, kuma wanda ya bayyana a wannan gwaji sau da yawa ba ya bayyana a wancan.

Hauwa_Genetics:
Dakta, da izininka zan ɗan ja da kai. Kada mu rage wa CBF daraja da yawa. A 2016 an yi amfani da CRISPR, dabarar yanka da gyara ƙwayoyin gado, aka kashe CBF guda uku na Arabidopsis gaba ɗaya, kuma iya sabawa da sanyi ta faɗi ƙwarai. Haka kuma da aka kwatanta Arabidopsis na Suwidin da na Italiya, an tarar na Italiya yana ɗauke da CBF2 da ba ya aiki, kuma wannan ya bayyana wani kaso na bambancin juriyarsu. Wato a cikin daji ma, ƙwayar gado ɗaya na iya yin nauyi. Me zai hana a samu irin haka a tsoffin nau'o'in kanola da ke ajiye a rumbunan iri?

Dakta_Bashir:
Ja da hujja ai shi ake so, Malama Hauwa. Na yarda da duka biyun. Amma gwajin 2016 ɗin nan ya kuma nuna cewa mafi yawan ƙwayoyin gadon da sanyi ke kunnawa ba ta hannun CBF kaɗai suke tashi ba, akwai wasu hanyoyin. Game da Italiya kuma, lalacewa ce aka gano. Samun abin da ya rage juriya ya fi sauƙi a kan samun abin da zai ƙara ta ga irin da nasa ke aiki lafiya.

Hauwa_Genetics:
Wannan gaskiya ne. Amma ina nan kan cewa rumbunan iri ba a tone su yadda ya kamata ba. Kanolar zamani ta bi ta ƙuntatacciyar ƙofa, don kusan duk irin da ake nomawa ya gaji ƙarancin erusik da ƙarancin ɗaci ne daga tsirarun iyaye, irin su Liho na Jamus da Bronowski na Polan. Sannan ga Brassica rapa na hunturu, wanda aka san ya fi napus jure sanyi, shi ya sa ake noma shi a wurare masu tsananin hunturu kamar lardin Gansu na Sin. Wani ɓangare na sirrinsa ma a siffa yake: tohonsa na lafewa daf da ƙasa. Tunda rabin gadon kanola daga wurinsa ya fito, ana iya haɗa su.

Ɗan_Gona77:
Maganar toho ta tuna min. Alkama na tsira daga daren da ke kashe kanola saboda nata tohon yana cikin ƙasa a farkon rayuwa. Na kanola kuwa a sama yake tsirara tun ranar da ta fito.

Malam_Iro:
Assalamu alaikum. Na shigo a makare amma na karanta duka. Ba wanda ya taɓo ƙwayar gadon FLC. Irin hunturu da ake shukawa a Jamus da Faransa da Polan wajen ƙarshen Agusta ba ya fure sai ya sha makonni na sanyi. FLC ne ke danne furen, dogon sanyi kuma ya kashe muryarsa a hankali. Kanola na da kwafi 9 nasa, kuma na kan kuromosom A10 yana cikin waɗanda aka fi dangantawa da bambancin irin hunturu da na bazara. Muhimmancinsa shi ne, muddin tsiro na kwance a ƙasa da ganyensa a baje, juriyarsa na da ƙarfi, yana iya wuce digiri 15 ƙasa da sifili, balle in dusar ƙanƙara ta lulluɓe shi. Da zarar ya miƙa kara kuwa, sai juriyar ta ragu. Shi ya sa manomin Turai ke tsoron shuka da wuri fiye da kima, kada tsiron ya miƙa kara kafin hunturu.

Binta_Kimiyya:
Baba Iro, ƙari kaɗan. An daɗe ana ɗauka buƙatar sanyi kafin fure da jure daskarewa abu ɗaya ne, amma a dangin Brassica an nuna ana iya raba su. Akwai irin bazara da a gwajin ganye ke sabawa da sanyi sosai. Abin da ya rasa shi ne riƙe sabon na tsawon watanni.

Malam_Iro:
Madalla da wannan ƙari, 'yata.

Sadiya_Tsirrai:
Na ƙaru sosai wallahi. Amma har yanzu ba a taɓa sanyi na uku da Malam Tanimu ya ambata ba, na lokacin ƙwaya. A can babu maganar sabawa ko?

UmmuKhalil:
Kusan babu. Fure da ƙaramar ƙwaya ruwa ne zalla, kuma ba sa taurara kamar ganye. Fure ma da sauƙi, don kanola na daɗewa tana fure, in wasu sun zube wasu za su maye. Ƙwayar da ke tsakiyar cika ce abin tausayi. Ka buɗe kwanso bayan kwanaki ka tarar ta zama ruwa-ruwa ko ta motse ta yi baƙi, alhali daga waje kwanson lafiya lau.

A Kanada kuma akwai koriyar ƙwaya. Ƙwaya na farawa da kore, in ta nuna sai wasu enzayim su rushe koren. Ƙanƙara mara tsanani ma in ta same ta tana da danshi sama da kashi 20 cikin 100, sai aikin ya tsaya, koren ya zauna. Man ya fito da duhu, tace shi ya yi tsada. Daraja ta ɗaya a Kanada ba ta yarda koriyar ƙwaya ta wuce kashi 2 cikin 100 ba, kuma murƙushe ƙwayoyi ake yi a kan takarda a ƙirga.

Hauwa_Genetics:
To nan ne ma nake ganin zancen ƙwayar gado ɗaya ya fi kusa da tabbata. A 2013 masu bincike, ciki har da ɗakin Marcus Samuel na Jami'ar Calgary, sun nuna ƙwayar gadon ABI3 ce ke kunna wata mai suna SGR, mai rushe koren ƙwaya. SGR ɗin nan shi ne wanda Mendel ya bibiya a wakensa mai kore da rawaya. Da suka ƙara ƙarfin ABI3, ƙwaya ta ci gaba da zubar da korenta duk da sanyi, kuma daga baya sun kai aikin kan kanola. Matsala ce ƙarama mai iyaka, ba juriyar tsiro gaba ɗaya ba, shi ya sa ta fi kamuwa.

Dakta_Bashir:
A nan ba ni da ja. Sai dai ABI3 ma makunni ne, yana da hannu a tara mai da furotin da barcin ƙwaya. Sai an ga shekaru na gwajin gona kafin a ce komai.

Injiniya_Kabir:
To ni dai har yanzu ina ganin Sadiya na da gaskiya ta wani gefen. Kamfani na sayar da abin da manomi zai gani kowace shekara, kamar jure maganin ciyawa ko kwanson da ba ya fashewa. Ƙanƙara kuwa sai jefi-jefi. Wa zai biya ƙarin kuɗi kan abin da ƙila bana ba zai buƙata ba?

Ɗan_Gona77:
Injiniya, manoman da na sani za su biya, in dai ba a taɓa musu yawan amfani ba. Domin juriyar digiri biyu kacal na nufin su shuka da wuri, furen ya kauce wa zafin Yuli, a girbe kafin sanyin kaka. Ribar kowace shekara ce.

Sadiya_Tsirrai:
Wannan ya sa na sake tunani kan aikin da nake son yi. Binta, maganar saurin warwarewar sabo ta kama ni. In mutum zai gwada layuka da yawa, kwana nawa na ɗumi kuke ba tsiro bayan ya saba kafin ku sake auna shi? Kuma a wane matakin ganye kuke farawa, tunda wanda Ɗan_Gona ya gani yana mutuwa bai wuce ganye biyu ba?

Binta_Kimiyya:
Kada ki tsaya kan lokaci ɗaya. Ki ɗiba a rana ta farko, ta uku da ta bakwai bayan kin mayar da su ɗumi, ki ga yadda juriyar ke gangarowa ga kowane iri. Matakin ganye biyu kuwa faifan ganye ba zai yi miki ba, sun yi ƙanƙanta. Tsiron gaba ɗaya za ki daskarar a cikin tukunyarsa, ki rufe ƙasar don kada saiwa ta fara mutuwa, sannan ki jira ki ƙirga waɗanda suka sake toho. Ki turo min yawan layukan da kike da su da girman na'urar sanyinku, mu lissafa ko za su shiga zubi ɗaya.

Malam_Tanimu:
Ki sa irin hunturu ɗaya da Brassica rapa ɗaya a kowane zubi don kwatance. Hauwa, ko kin san rumbun da zai iya ba ta tsoffin layukan da kika ambata?